Gambar da Ke Tsakanin Gonakinmu

Edita, a shekarar da taki ya fi ƙarfin talaka, ni ne sakataren ƙungiyar manoman ƙauyenmu da ke gefen Ɗanbatta, don kawai na yi sakandare kuma ina da babbar waya. Ni mutum ne mai zargi. Ko gero aka auna mini a kasuwa sai na sake aunawa a gida. Amma da wani da ban sani ba ya turo ƙunshin fayil a zaurenmu na Wasaf, irin wanda ake matse takardu a ciki ake ce masa zif, ya ce fom ɗin tallafin taki ne, sai zargin nan ya yi barci. Na sauke, na buɗe, aka ce sai na saka wata manhaja kafin fom ya fito. Na saka, duk izinin da ta nema na ba ta. Fom dai har yau ban gan shi ba.

Bayan kwana uku aka yi gayyar noma a gonata. Kamar yadda muka saba, kowa ya ajiye wayarsa a gindin ɗorawa. Aminina, wanda gonarsa ke manne da tawa, ƙafarsa na ciwo, shi ya zauna yana gadinsu. Tun zamanin iyayenmu babu alamar iyaka tsakanin gonakin nan, inda kunyarsa ta ƙare nan tawa ke farawa. Da yamma mutane suka yi ta kirana, wai na aika musu saƙo su tura kuɗin rajistar taki wani asusu, wasu har sun tura. Nan take zuciyata ta koma gindin ɗorawa. Na tuna ya san lambar buɗe wayata, na tuna sabuwar rigar da ya sa ranar kasuwa. Washegari bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban dattawa, na ce ya faɗi abin da ya yi da wayata. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko da gaske shi nake nufi, na ce shi.

Sai da na kai wayar wurin mai gyara a Kano ya nuna mini manhajar nan, ya ce tun ranar da na buɗe ƙunshin take miƙa wa ɓarayi saƙonnina. Ya ce zif buhu ne ɗaurarre, kuma fom na gaskiya ba ya neman a saka masa manhaja. Wallahi kunya ta kama ni.

Na koma ƙofar masallacin na nemi gafarar aminina, ya ce ya yafe. Jama'a, kada ku buɗe ƙunshin da ba ku san daga inda ya fito ba, ku je ofis ku tambaya da bakinku. Ni na yarda da baƙon da ban taɓa gani ba, na tuhumi wanda muka tashi tare. Har gobe muna gaisawa, amma da damina ta zagayo na tarar ya dasa gamba layi guda, daga bakin hanya har gindin ɗorawa.