Fuskar da ke bangon coci ba taki ba ce, Gwaggo Fortuna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Gwaggona Fortuna Scognamiglio, yayar mahaifina, a gidanta da ke nan Ercolano. Mai abu ya karɓi abinsa.

Gwaggo, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Washegarin rasuwarki, da aka manna takardun sanarwa a bangunan unguwa, na tsaya gaban wadda ke jikin coci na kalli hoton, na ce a raina, "Allah sarki, baiwar Allah, da sauran ƙuruciyarta." Sai da idona ya sauka kan sunan na gane ke ake nufi. Matar hoton gashinta baƙi ne wuluk, goshinta sumul, bakinta a daidaice. Ke kuwa tun ina firamare, da ciwon shanyewar jiki ya taɓa ki, gefen hagu na fuskarki ya sauka bai koma ba. Da rabin baki kike dariya, kuma ni wannan dariyar na sani.

Kin ƙare rayuwarki a kufan tsohon garin da dutse mai aman wuta ya binne, kina jinyar zanen bango. Haka kike kiran aikin, jinya. Ke kika nuna mini yadda ruwa ke hawowa daga ƙasa ta cikin bango ɗauke da gishiri, in ya bushe gishirin ya daskare a ƙarƙashin fenti, ya yi ta turo shi har ya ɓare kamar ɓawon albasa. Sai ki shimfiɗa takarda mai laushi, ki ɗora jiƙaƙƙen ɓargajin takarda, wato dakakkiyar takarda, a kai, ki bar shi ya tsotso gishirin. Ki cire, ki sake. Damina ta zo ya dawo, ki sake. Ban taɓa jin kin yi tsaki ba.

Ran Asabar kikan tafi da ni, don kin san a gida ba na magana da kowa. In zauna a kan kifaffen bokiti da littafina na soyayya, ke kina kan tsani.

"Mariarca, yau wa ya suma, shi ko ita?"

"Kai, Gwaggo!"

"To in ya farfaɗo ki ce ya miƙo mini soso."

Da rana ki raba burodinki mai tumatir da man zaitun biyu, ki ba ni babban, ki ce wai haƙoranki sun gaji.

A wani ɗaki mai jan bango akwai zanen wata mace da ke kallon gefenta. Wanda take kallo gishiri ya cinye shi, hannunsa kaɗai ya rage a kan kafaɗarta. Na raɗa masa suna, na ba shi idanu, na shirya yadda suka haɗu a bakin teku. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce ki zana mata shi, ai kin iya, ta daɗe tana jira. Kika sauko daga tsanin, kika ce, "'Yar nan, in na zana, saurayinki ne zai tsaya a wurin, ba nata ba. Shi kuma na gaskiyar ya mutu sau biyu ke nan." Kika cike gurbin da farin shafe, kika bar mata hannun. Na yi fushi har gida. Ban fahimce ki ba a lokacin.

Ranar da na cika sha biyar, mai hoto ya ce ki ɗan juyo da gefen dama, don ya fi kyau. Kika juya masa hagu. "Ɗauki wannan, ɗan samari. Shi ya sha wuya, shi ya cancanci hoto." Kowa ya yi dariya, ban da ɗanki, Yaya Aniello, wanda ya tashi ya fita baranda. Hoton yana wurina.

Makon jiya abokan aikinki sun bar ni na shiga ɗakin. Ɓargajin da kika ɗora na ƙarshe yana nan manne a ƙasan bangon, ya bushe, da sawun yatsunki a jiki, babu wanda ya iya cire shi. Na sa yatsuna a cikin sawun. Na rufe ido don in gan ki a kan tsani, Gwaggo, sai ga matar jikin coci tana yi mini murmushi da cikakken baki. Kullum ta gabanta nake wucewa zuwa makaranta. Tana shigowa kaina a hankali, tana turo ki waje, kuma ban san abin da zan shimfiɗa in tsotse ta ba.

Jiya a wurin cin abinci na ji Yaya Aniello yana gaya wa Baba cewa hoton nan na jikin coci, wanda ya sa aka gyara miki fuska a ciki, shi zai kai a gasa a kan tangaran, a kafa a kabarinki kafin addu'ar kwana talatin. Takardar bango ruwa zai wanke ta, amma tangaran zai riga mu duka daɗewa. Baba ya ce, "Ya yi kyau, kamar ranar aurenta." Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin kwano, kamar yadda na saba.

Ban ga laifinsa ba. Shi ya tsince ki a ƙasan kicin ranar da ciwon ya same ki, shi ya yi ta goge miki baki wata da watanni. Duk lokacin da ya kalli gefen nan, ranar yake gani. So yake ya mayar miki da abin da aka ƙwace. Amma jikokinki za su zo da furanni su gaida wata mata da ba ta taɓa rayuwa ba, ke kuma ba ki nan balle ki juya musu hagu.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo Fortuna. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da haƙurin da kika yi da bango da kuma ni. Ya sa ki huta inda babu abin da ke ɓarewa. Ina yi wa Baba ta'aziyya, da abokan aikinki, da dukan dangi. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Yaya Aniello, kai ne ka fi kowa rashi, Allah ya sanyaya maka zuciya. Don aljihun tebur na fara wannan rubutu, inda sauran rubuce-rubucena suke. Na san in na tsaya gabanka murya za ta ƙi fita, kuma wataƙila ka daɗe ba ka yi mini magana ba bayan ka karanta. Mama ta ce jibi za ka je wurin mai tangaran. Gobe bayan makaranta zan hawo benenku, in ƙwanƙwasa, in sa maka wannan a hannu da kaina.