Takabar Rakiya a Villeurbanne

Mun tashi da asuba daga Saint-Denis ni da maigidana, sanyi yana yanka kunne. A metiro 13, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tsayuwa muka yi, don masu sharar ofisoshi sun riga mu cika shi. Kuɗin jirgin ƙasa zuwa Lyon ya sa maigidan ya yi ta jujjuya tikiti har muka fita Paris. Kofin da ya saya a ciki ma, don tsadarsa sai da ya leƙa ƙasansa ko akwai zinare.

Ta'aziyya ce ta kai mu wurin Rakiya, matar ƙanena da ya rasu wata biyu da suka wuce. Ina kuma ɗauke da saƙon mahaifiyarmu daga Damagaram: kada Rakiya ta taka ƙofar gida sai takabarta ta cika, wata huɗu da kwana goma.

Tiram, jirgin cikin gari, ya sauke mu Villeurbanne a gefen Lyon ana yayyafi, gine-ginen duk launin toka. Mun same ta da zanen takaba, ta rame har na tsorata. Ta dafa mana shinkafa da wake, man ma ɗigo ne. Bayan gaisuwa da kuka, ta miƙo mini wata takarda.

"Yaya, karanta mini, faransancin nan ya fi ni."

Daga hukumar lakwal take, wato makaranta. Ɗiyarta Hadiza, 'yar shekara bakwai, ta yi ta fashin aji, don ubanta ne yake tsallaka da ita babban titi kullum. Sabuwar doka ta ce yaron da ke yawan fashi za a tsayar wa iyayensa kuɗin tallafin yara. An kira Rakiya ta je da kanta ranar Litinin. Da wannan tallafi suke ci tun rasuwar.

"Na buga musu waya na ce ina takaba," in ji ta. "Matar da ta ɗauka ta ce ba ta da gurbin rubuta wannan a takardarta."

Saƙon Inna kuwa ban faɗa mata ba. Ranar Litinin ni na ɗaure wa Hadiza igiyar takalmi, ni na buɗe ƙofa. Rakiya ta daɗe tsaye a bakinta, sannan ta yi bisimilla ta fito, hawaye yana zuba. Yarinyar kuwa tsalle take yi don murna.

Mun dawo Paris da yamma, ba wanda ya nemi kofi. Tafiyar ta koya mini cewa wanda ya rubuta dokar bai taɓa jin kalmar takaba ba, Inna kuma ba ta taɓa ganin titin nan ba, Rakiya ce kaɗai take tsakani.

Ina cire mayafi waya ta yi ƙara, Inna ce.

"Kin gaya mata? Tana ɗaki dai ko?"

Na ce, "Inna, jikarki tana gaishe ki. Yau ta je lakwal."

 Sai ta ce, "Ta sa mata rigar sanyi dai?"