Zabin Sale

Daminar da na shiga aji biyar, wata Juma'a da hantsi, jar kazarmu ta fito daga akurki da 'ya'yan da ba nata ba. Ƙwan zabi Inna ta saya wajen wata Bafulatana ta sa mata ta kwanta a kai, kamar yadda ake yi a Burumburum, domin zabuwa ba ta iya reno ba. A makon nan aka kawo mana Sale, ɗan marigayi Kawu, ƙanen Inna, mutumin da har Kwanar Dangora an san zafin zuciyarsa. Ba a daɗe ba Sale ya fasa wa wani yaro baki a makaranta don yaron ya ambaci marigayin, aka kawo ƙara gida.

Baffa, yayan mahaifinmu, ya shigo ya tsaya a tsakar gida. Ya nuna 'yan zabin da sandarsa ya ce, "Kaza ce ta ƙyanƙyashe su, amma daji za su koma. Haka yaron nan, jini ne. A mayar da shi Doguwa wajen dangin uwarsa." Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Yaya, jinin nan fa ni ma shi ne a jikina. A bar mini shi zuwa kaka." Baba ya amince, da sharaɗin in aka sake kawo ƙara, Sale zai tafi.

Inna ba ta taɓa dukansa ba. Zabin ta damƙa masa. Shi ke haƙo musu gara a bayan gida, shi ke tsare su a akurki har raɓa ta bushe, don sanyi kashe su yake yi. Ni ina wanke-wanke ina kallonsa, wannan yaro mai saurin hannu, ya tsuguna yana ɗumama ɗan tsako a cikin rigarsa. In shirwa ta kawo sura, ihunsa har masallaci. Da magariba Inna takan sa shi watsa tsaba yana kiransu a gindin tsamiya, wuri ɗaya kullum, tana cewa, "Ba za ka hana su tashi ba, koya musu inda gida yake."

Kaka ta zo ba a sake kawo ƙara ba. Zabin suka girma da halinsu, ga kwaramniya, ga yawo cikin gonakin dawa, ga wuni a daji. Amma rana na faɗuwa sai ka gan su jere a kan tsamiya. Baffa ya kalle su, ya kalli Sale, ya ce, "To, Allah ya raya."

Yanzu 'yan tsakin inji nake saya, ba su san uwa ba balle mai kira. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Sale kuwa har gobe muryarsa na nan da zafinta, amma shi ake kira in shanu sun shiga gona, ya tsaya tsakanin manomi da makiyayi har a rabu lafiya. Zuciyar ta Kawu ce, Inna ce ta nuna mata hanyar gida.