Gyaran Iya Fatai

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, na daɗe ina shakkar ko kuɗin kan sarki ya isa abin da za a ba da labarin mutum a kansa. Abu ne na kwabbai, a lokacin da kuɗin mai ya cika Kano har masu gadi na sayen babur. Sanin Iya Fatai ne ya raba ni da wannan shakka.

Sunanta Mulikat. Iyayenta Yarbawa ne, amma a Fagge aka binne cibiyarta. Garin rogo da wake take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, kuma an san ta da abu guda: ba ta taɓa miƙa mudu a shafe ba. Sai ta cika shi ya yi tozo, sannan ta ɗebo da hannu ta ƙara gyara, tana cewa, "Mudu na ciniki ne, gyara na zumunci."

Mijinta, Baba Musiliu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya so ɗansu Fatai ya gaje shi a tasha, yaron kuwa ya samu gurbin karatu a Ingila ya ce sai ya tafi. Ran tafiyar uban ya ce masa, "In ka hau jirgin nan, kada ka rubuto mini." Fatai ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta.

Bayan shekaru ɓarin jikin tsohon ya shanye. Wata safiya ya kira matarsa, bakinsa a karkace. "Ki aika wa yaron nan. Ki ce na yafe masa. Ya rubuto, ko layi ɗaya ne."

Ta rufe rumfa ta nufi gidan waya. A bakin zanenta ta ƙulle wata 'yar laya mai naɗin zare, wadda Fatai ya rataya yana goye. Akawun da ke kan kanta, Celestine, mai sayen garinta ne.

"Iya, yau ke ce a layina? To, nan ba a tayi."

"Rufe mini baki, ɗan nema. Nawa ne zuwa Ingila?"

Ya yi mata bayani. In ambulan ne, sai a ɗora a sikeli, kuɗin ya bi nauyi. In kuwa shuɗiyar takardar nan ce ta jirgin sama, da kan sarkinta a jiki, sule ɗaya ce, kuma cikin mako take isa. "Amma ba a sa komai a ciki, Iya. Ko tsinke."

Ta yi murmushi. Ita ma kullum tana ce wa masu saye mudu ya cika, ba ya ɗaukar ko ƙwaya, sannan ta ƙara. A ganinta duk mai awo haka yake faɗa. Ba rowar kuɗin ambulan ta yi ba. Ta ji an ce shuɗiyar da sauri take tafiya, kuma ba ta taɓa ganin ma'aunin da ya ƙi gyara ba.

Mai rubutun wasiƙa na bakin ƙofa ya rubuta mata saƙon. Ta koma gefe, ta kwance bakin zane, ta tura layar cikin ninkin takardar, ta lasa ta manne, ta jefa a akwati da bismilla. A bayan takardar an rubuta da Turanci cewa duk wadda aka sa wa wani abu a ciki, ta jirgin ruwa za ta tafi. Ba ta iya karatun boko ba.

Daga nan sai jira. Duk yamma in ta dawo kasuwa, tsohon zai juyo da ido ɗaya mai motsi. "An samu?" Ta ce hanya ce da nisa. Ta ce damina ce. Ta ce wataƙila jarrabawa suke yi. Har dai ya daina tambaya. Daf da rasuwarsa ya ce mata, "Ya riƙe ni ke nan. Ni na jawo."

Aka buga wa Fatai waya cewa uban ya cika. Wayar ta riga wasiƙar isa. Sai da aka yi sadakar arba'in sannan shuɗiyar takardar ta same shi, ta yamutse, tana cewa ya rubuto ko layi ɗaya. Shi ne da ya dawo gida ya karanta wa uwar abin da ke bayan takardar. Bai ɗaga murya ba. Ita ma ba ta yi kuka a gabansa ba, sai dai ta yi kwanaki ba ta buɗe rumfa ba.

Har yanzu tana nan a layin masu gari, tana ɗebo wa masu saye gyara. Rannan na tambaye ta, "Iya, da kin san abin da aka rubuta, da kin cire layar?"

Ta dubi mudun. "Da na sayi ambulan, ya auna na biya," in ji ta. "Amma in aika wa ɗana mudu a shafe? Ɗan nan, ko baƙo ban taɓa yi wa haka ba."