Gudun Achida da gwajin hantar da ya raba ni da aure

Lokacin ni saurayi ne a Wurno, ina noman albasa tare da mahaifina, burina kawai in shiga soja. Shi ya sa kullum bayan asuba nake kama hanyar Achida da gudu. Ko zazzaɓi ban cika yi ba. Akwai yarinyar da nake nema a Goronyo, ina sonta ƙwarai, har an sa rana, saura gwajin jinin da ake yi kafin aure.

Kawunta yana da ɗan kemis a bakin kasuwa. Mutumin da ko sakandare bai ƙare ba, amma ya rataya farar riga, ana ce mashi likita yana amsawa, ko kunya! Shi ya nace sai an ƙara da gwajin hanta. Ni kuwa ana gobe za a ɗebi jinin na yi gudun da ban taɓa yi ba, na kai Achida na dawo, cinyoyina kamar an yi musu duka. Da sakamako ya fito babu ƙwayar cutar hanta, sai wasu lambobin awon hanta da sunka hau. Kawun ko tambayata bai yi ba. Ya ɗaga takarda, ya kaɗa kai, ya ce wa iyayenta hantata ta gama lalacewa, kada su ba gawa 'yarsu. Kan ka ce mi, magana ta iso Wurno. A teburin mai shayi anka ware mini kofi. Kawun ya aiko mini da jarkar jiƙe-jiƙe, wai taimako. Na tuttular da ita a kwata.

Da na je asibiti a Sakkwato, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce mi na yi kafin a ɗebi jinin. Ya ce gudu mai nisa yana ɗaga waɗannan lambobi na 'yan kwanaki ko ga mai lafiya, yawanci daga tsokar da ta wahala suke fitowa. Ya sa na huta, anka sake gwaji, komai ya koma daidai.

Na garzaya Goronyo da murna, sai na tarar ta riga ta amince da wani ɗan kasuwar Rabah. Ko fitowa ba ta yi ba, aiko mini ta yi da Allah ya ƙara sauƙi. Kawun ya karɓi sabuwar takardar, ya duba, ya yi hamdala, ya ce ai maganinsa ne ya yi aiki. Wallahi ban taɓa raina babba irin na ranar ba.

Don haka, 'yan'uwa masu gudu, ku huta kafin gwajin jini, ku gaya wa likita abin da kunka yi, kuma kada ku miƙa takardarku ga duk wanda ya rataya farar riga. Ni na rasa matar da nake so. Shi kuwa har yau yana sayar da jarkar nan, kuma ni yake nuna wa mutane a matsayin wanda ya warkar.