Tsohuwar da Ta Kira Ɗanta a Lasifikata

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, a gaban mutanen da ba su ƙirguwa, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ina zaune a Gidan Dahala cikin Sakkwato, sana'ata ba da hayar lasifika. Ina da lasifika huɗu da makirufo biyu da wani janareta mai taurin kai wanda sai an lallashe shi yake tashi. Bikin aure, walimar sauka, gasar kokawa, duk inda taro yake to ina can, amma lokacin da na fi so shi ne bayan kaka, idan an gama girbi aka shiga baje kolin amfanin gona da dabbobi.

To a shekarar da nake faɗa muku an yi irin wannan baje koli a wani fili kan hanyar Dundaye, aka ɗauke ni aikin sanarwa. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane ba. Ga dammunan gero an jera, ga shinkafa, ga albasa manya-manya, ga bijimai an wanke su an shafe su da mai ana jiran alƙalai su zaɓi wanda ya fi, masu ganga na nasu, masu tsire na nasu. Ni kuwa ina ƙarƙashin wata rumfa da benci ɗaya, kusa da wata mai fura, kuma rabin aikina duk cigiya ne. Yaro ya ɓace, an tsinci makullin babur, wata ta rabu da 'yan garinsu. Na saba har na fara jin kaina, ina yi ina haɗawa da barkwanci mutane na dariya, kuma in faɗi gaskiya ba ni da haƙuri a lokacin, bakina ya fi hankalina sauri.

Bayan azahar, ina duƙe ina faɗa da janareta, na ɗago sai na ga wata tsohuwa zaune a bencina. Ban ga zuwanta ba, amma a irin wannan cunkoso wa ke ganin zuwan wani? 'Yar ƙarama ce, da baƙin zane da ya koɗe, da tsagar Gobirawa a kumatu, ƙafafunta babu takalmi.

Ta ce, "Ɗan ga, kai ka kiran waɗanda sunka ɓace?"

Na ce, "Ni na, Inna. Wa yab ɓace?"

Ta ce yaronta ne, yana nan cikin filin. Na ɗauki makirufo na ce, "Mi as sunanai?" Sai ta sunkuyar da kai tana jan bakin zanenta, can ta ce, "Na hwari na."

Ku da kuka taso a birni wataƙila sai an yi muku bayani. A wajenmu, musamman mutanen da, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kiran sa, ba ta yi masa wasa, ba ta ko kallon sa a gaban mutane, yawanci ma kaka ce ke ɗauke shi ta raina. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na san da haka sarai, tawa uwar ma haka ta yi wa yayanmu. Na ce to sunan ubansa fa? Sai na ga ta ƙara sunkuyawa, na ce kai, ni ma da wauta, wadda ba ta faɗin sunan ɗa ina za ta faɗi na miji. Na tambayi shekarunsa ina jiran ta ce biyar ko shida, sai ta ce ya yi arba'in. Dariya ta kuɓuce mini, mai fura ma ta dara, na ce Inna wannan ai ba ɓacewa ya yi ba, tafiya ya yi. Ita ba ta yi dariya ba.

Da ƙyar dai na samu sunanta, Kulu mai daddawa, da sunan ƙauyensu da ke can gaba da Dundaye, wanda ba zan faɗa a nan ba saboda iyalinta suna nan da rai. Na yi sanarwa cewa ɗan farin Kulu mai daddawa na ƙauye kaza ya zo rumfar lasifika, mahaifiyarsa na jiran sa. Shiru. Aka ɗan jima na sake. Shiru. A tsakani na yi cigiyar yara biyu duk aka zo aka ɗauke su, ita tana nan zaune, hannayenta bisa gwiwa, ba ta ko waiwayen masu ganga.

Na ce mata wataƙila ba ya filin nan. Ta ce, "Ya jiya sarai. Ƙi yay yi."

La'asar ta kawo kai, alƙalan bijimai sun aiko a fara kiran masu dabbobi, janareta yana tari, ga tsohuwa ta tsare mini benci. Nan ne na yi abin da har yau idan na tuna nake jin kunyar kaina. Na ce, "To Inna, in ba ki hwaɗin sunanai, ni mi kika so in yi? Ga shi, kira shi da kanki." Na tura mata makirufo har bakinta. Wallahi ba don in taimake ta na yi ba, don ta ji kunya ta tashi ta ba ni wuri na yi. Mai fura ta ce, "Haba Malam, tsohuwa ta hwa!"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon makirufon, hawaye na bin tsagar fuskarta. Sai ta matso ta ce, "Aliyu. Taho gida."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma lasifika huɗu suka ɗauka suka watsa a filin, har masu ganga suka ɗan tsagaita. Daidai nan janareta ya mutu. Na juya na ja igiya, sau uku ko huɗu, ya tashi, na waiwayo benci babu kowa.

Ban gama mamaki ba sai ga wani ƙato yana keta mutane da gudu, da igiyar bijimi a hannu, ya zo ya cakumi wuyan rigata har ƙafafuna suka kusa barin ƙasa. Ya ce, "Ina kas samu muryag ga? Wa yab ba ka ita?" Na ce Malam sake ni, ba wanda ya ba ni komai, mai muryar ce da kanta, yanzun nan tana zaune a nan. Ya ce ƙarya nake. Ya ce, "Wagga murya ta uwata ta, amma uwata ba ta taɓa hwaɗin sunana ba tun da anka haihe ni."

Allah ya taimake ni da mai fura, ta ce ita ma ta gan ta, har ta miƙa mata fura a ludayi ta girgiza kai. Muka kwatanta masa ita, tsagar, baƙin zanen, ƙanƙantar jikin. Sai hannunsa ya saki rigata, ya zauna a bencin nan. Muka duba bayan rumfa, muka tambayi masu tsire da masu albasa, kowa ya ji muryar, ba wanda ya ga inda ta bi.

A nan ya ba ni labarinsa a gutsure. Gidansu manoma ne kaka da kakanni, shi kuwa tun yana saurayi ya shaƙu da rundawa, wato mahauta, ya ce fawa zai yi. A irin gidajensu wannan abin kunya ne babba. Uwar ba ta iya yi masa magana kai tsaye ba, sai ta aiko ƙanwarsa Hajaru ta ce masa idan ya taɓa wuƙar fawa kada ya sake taka mata gida. Shi kuma dama yana da ciwo a zuci, yana ganin yadda take kiran ƙannensa da sunansu tana shafa kansu, shi ko kallo bai ishe ta ba. Ya san al'ada ce, amma ya ce sani daban, abin da zuciya ke ji daban. Sai ya kwashi kayansa ya tafi Kano, ya yi fawa, ya koma fataucin shanu, ya yi aure ya haihu, shekara goma sha ɗaya bai waiwayi gida ba, ko gaisuwar rasuwar ubansa bai zo ba. Ranar nan bijimi ya kawo gasa. Ya ce ya ji sanarwata ta farko da ta biyu, ya ɗauka wani ɗan garinsu ne ya gan shi yake masa shaƙiyanci.

Na ce ba ka da lambar kowa a gida? Ya ce yana da ta Hajaru, wani ya ba shi tun bara, bai taɓa kira ba. Na ce kira yanzu. Ya kira, ya sa muryar wayar a bayyane, muna ji. Da ta gane shi ne sai ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, kana ina? Inna shekara biyu tana kwance, ƙahwahunta sun mutu. Kwana ukku ba ta ce ƙala ba, sai ɗazun ga tab buɗe baki tak kira sunanka, har maƙwabta sunka jiya."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni da mai fura muka kalli juna, ita ta ajiye ludayi ta hau salati.

Kun san abin haushi? Duk da haka mutumin nan bai tashi ba. Ya ce, "Ita tac ce kar in sake taka mata gida." Na ce, "Ita koma tac ce ka taho, gaban duniya duka. Wace magana ta ab baya?" A lokacin ana jiran in kira masu bijimai, nasa na cikin waɗanda ake sa wa rai, amma na kashe janareta na bar wa mai fura amanar kayana, na tayar da babur na ce hau. Ya bar bijimin a hannun abokan fataucinsa ya hau. Duk tsawon hanya yana bayana yana cewa in ƙara wuta, ni kuma abu ɗaya nake roƙon Allah, kada mu ishe an rufe mata fuska.

Mun isa rana ta yi ja. Hajaru ta tare mu a ƙofa, ta ce in shigo ni ma. Da na sa kai cikin ɗakin nan sai na gan ta. Ita ce. Tsagar nan ce, baƙin zanen nan ne, tana kwance a tabarma, ƙafafunta sun ƙanjame kamar sillen kara, ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta. Hajaru ta rantse mini tun safe ba ta matsa daga gefenta ba.

Aliyu ya durƙusa ya ce, "Inna, ga ni." Ta buɗe ido, ba ta dube shi ba, ta mayar da fuska wajen bango. Na ce a raina shi ke nan, wahalar banza muka yi. Sai na ga hannunta ya fito daga cikin zane yana lalube, har ya sami kansa, ya tsaya a nan. Mutumin nan ya kifa fuska a tabarma yana kuka irin na yara, ni ma ban san lokacin da nawa hawayen suka zubo ba.

Can ta juyo da ido ta kafe ni da su, ni da ban taɓa taka ƙauyen nan ba a rayuwata, ta ce, "Mai lasihika, ka kunyata ni gaban jama'a." Na durƙusa na ce Inna ki gafarce ni. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka." Sannan ta ce wa Hajaru, "Ba yaron ga ruwa, ya sha tahiya."

Kwana biyu ta ƙara a duniya, yana gefenta, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Na je gaisuwa, ya ce mini a kwana biyun nan sun yafi juna, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta sake faɗin sunansa ba. Na ce ba ka roƙe ta ta sake faɗa ba? Ya ce, "A'a. Guda ɗin nan ya ishe ni har in mutu."

Na kai maganar nan wajen malamai. Wani ya ce aljana ce ta ɗauki siffarta, wani ya ce rai idan ya kusa fita yakan je inda zuciya take, wani ya ce in yi shiru in bar wa Allah saninsa. Ni dai ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar sani ba. Abin da na sani, macen da ba ta iya tashi daga tabarma ta zauna a bencina daga azahar zuwa la'asar, kuma duk wanda ke filin nan ya ji muryarta. Har yau idan zancen ya zo sai na ji sanyi ya ratsa ni.

Don haka 'yan'uwa, wanda duk tsohuwarsa ke da rai kuma akwai wata magana tsakaninsu, don Allah ya tashi ya je yau. Masu irin kunyar nan ba za su ce maka suna son ka ba, wata har ta koma ga Allah ba za ta iya ba. Kada ka tsaya sai an kira ka.