Fenti a Kan Inuwa

A layin teloli da masu gyaran waya akwai wani ɗan shago, wanda in mutum biyu suka shiga, dole na ukun ya tsaya a bakin ƙofa. A nan Mai Zane ya yi furfura. Sana'arsa zanen fuskar mutane, kuma da wannan sunan kowa ke kiransa, har matarsa in tana jin tsokana.

Ubansa kafinta ne. A bayan guntayen katako ya koyi zane da gawayi, ya kuma sha duka a kai. Bai gaji gida ba, bai gaji gona ba. Abin da Allah Ya ba shi ido ne da hannu, da jituwar da ke tsakaninsu, kuma ita ce dukiyarsa kaf. Mutum zai zauna a kujerar roba, shi kuma ya miƙe hannu da fensir, ya runtse ido ɗaya, ya auna daga goshi zuwa haɓa da babban yatsa. Masu zane da yawa daga ido suke farawa, shi daga kunne. Ya ce kunne ba ya motsi, in ka kafa shi daidai, sauran fuskar za ta biyo. Kafin mutum ya gaji da zama, ga shi nan a takarda, har jaririnsa ya gani ya miƙa hannu.

Sai dai kyan aiki daban, kasuwa daban. Mai Zane ya iya zane, bai iya talla ba. In aka tambaye shi farashi, sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kayan sata. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha ce masa, "Kai fa ko kaza ka kai kasuwa, sai ka ba mai saye haƙuri, ka haɗa masa da ƙwai." Haka shekaru suka tafi, yabo buhu-buhu, rufin ɗakinsu na yoyo.

Autarsa ce ta juya al'amarin. Ta karanci kasuwanci, ta dawo gida ba aikin ofis, ta zo shagon ta tsaya tana kallon zanukan da ƙura ta rufe.

"Baba, wanda ya ɓoye hajarsa a ɗaki, ai ɓera ne abokin cinikinsa," ta ce.

Ta jingina wayarta a jikin gwangwanin fenti, ta ɗauki bidiyon hannunsa yana aiki, ta ɗora a intanet. Ta kasa aikin gida uku: ƙarami, matsakaici da babba, kowanne da farashinsa a rubuce, don kada uban ya buɗe baki ya yi musu asara. Ta roƙi duk wanda ya karɓi zanensa ya ɗauki hoto riƙe da shi. Ba a jima ba waya ta soma kuka ba ƙaƙƙautawa. Mutane daga garuruwan da bai taɓa takawa ba suna turo hoton uwa, da na ɗa, da na mamaci, kowa kuma jiya yake son nasa.

Mai Zane bai iya cewa a'a ba, bai taɓa iyawa ba. Yana jingina hoto a gabansa, ya auna, ya kafa kunne, ya bi. Ya gama wannan, ga wasu na jira. Bayansa ya ƙage, idonsa ya yi ja, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a gida ba ya koma mai faɗa a kan ruwan sha. Abinci yakan huce a gefensa har ƙuda su gaji. Rannan yana tsaka da zanen fuskar wani tsohon direba, buroshi ya suɓuce daga yatsunsa ya ja baƙin layi daga hanci zuwa wuya. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Likita ya ce jijiyar wuyan hannu ce ta kumbura, ko ya huta, ko hannun ya yi masa ritayar dole.

Auta ta yi kuka, don tana ganin ita ta jawo. Amma ba yarinyar da za ta zauna tana kuka ba ce. Ta yi tambaye-tambayenta, ta dawo da tsari. Rana ɗaya a mako a rufe shago. Waya ta bar hannunsa, ta koma nata. Oda in ta cika ta cika, mai gaggawa ya nemi wani. Duk wannan ya karɓa. Na ƙarshen ne ya tsaya masa a wuya. Akwai wani mai injin buga hoto a bayan kasuwa. Za a kai masa hoton da aka turo, ya buga shi a kan ƙyallen zane dishi-dishi, kamar inuwa, Mai Zane kuma ya bi da fenti a kai. Ba awo, ba fensir, ba runtse ido.

"Wannan ai ba zane ba ne, shafe ne," ya ce.

"Baba, fentin naka ne, hannun naka ne. Kafintoci ma yanzu da inji suke yanka katako. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

"Mutane fa? Su san da haka?"

"Fuskar uwarsu suke so a bango, kuma za su samu. Ni kuma ubana nake so da hannunsa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya ce to, amma da hannun ya warke za a daina.

Hannu ya warke, ba a daina ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma wannan turken mai daɗi ne. Aikin da ke cin kwanaki ya koma na yini. Ciniki ya ninka, gajiya ta ragu, abin da Auta ta yi alkawari ya tabbata har da ƙari. An gyara rufi. Mai Zane ya yi 'yar ƙiba, yana dawowa gida da hasken rana, ya zauna a tsakar gida matarsa na tsintar wake suna hira. Bidiyon kuwa Auta ba ta soma ɗauka sai fentin farko ya rufe inuwar. Yakan ga haka ya ji kunya, ya haɗiye ta, har ta daina yi masa ɗaci. Kujerar robar da mutane ke zama a kai ta zama wurin tara kwalaye.

Wata rana telan nan ya shigo riƙe da jikansa. "Ɗan zana mini wannan ɗan nema a takarda, in kai wa kakarsa."

Mai Zane ya ce fensir ya ɓace. Da suka fita, ya jawo fensirin daga aljihun tebur, ya gwada fuskar yaron a bayan kwali. Kunnen ya zauna, amma a inda bai kamata ba. Ya yaga kwalin, ya ce wa kansa gajiya ce. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, kuma maimakon ya sake gwadawa sai ya mayar da fensirin ya rufe. Wanda ke zargin ciwo a jikinsa yakan guji asibiti.

Shekaru suka ɗan ja a haka, sai matarsa ta kwanta. Aka yi ta zarya tsakanin gida da asibiti, har ranar da likita ya kira shi gefe ya ce su koma gida, a ba ta duk abin da take so. Aka gyara mata gado kusa da taga. Macen da ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, ga ta nan ta zama ƙashi da fata, sai idanu.

Wata safiya yana ba ta ruwa a cokali ta ce, "Malam, ka zana duniya kaf, ban da ni."

"Ke kika ƙi zama. Kullum tukunya na kan wuta."

"To yanzu ga ni, ba inda za ni." Ta ɗan yi dariya, tari ya katse ta. "Amma kada ka zana abin da ciwo ya bari. Hotuna kam yara na da su a waya. Ni so nake in ga yadda kake ganina."

Ya ce to. Me zai ce?

Ya kawo allo da takarda, ya zauna a bakin gadon. Ya miƙe hannu, ya runtse ido, ya auna. Ya kafa kunne. Daga nan hannun ya tsaya cak, yana jiran layin da zai bi, kamar jakin da ya saba da hanya ɗaya. Fuskar tana nan a kansa sarai: kumatun da ke lotsawa in za ta yi masa gori, girar hagu da ke ɗagawa kafin ta dama. Yana gani, amma abin ba ya sauka zuwa yatsu. Ya tilasta wa fensirin, wata mata ta fito a takardar, wadda bai taɓa gani ba. Ya juya ta, ya ɗauki wata.

"In gani?"

"Sai an gama."

Washegari haka, jibi haka. Ya koma yana zana kofi, da tafin hannunsa, da kyanwar maƙwabta, ko hannun zai tuna. Da alama zai tuna ɗin, in an ba shi watanni. Watannin ne babu. Kullum muryarta na ƙara yin ƙasa, kullum sai ta tambaya, shi kuma takardu na taruwa a ƙarƙashin tabarma. Haushin kansa ya ishe shi. Ba shi da wanda zai ɗora wa laifi, don ba wanda ya ƙwace masa komai, shi ya ajiye da hannunsa.

Ranar da ta kasa tashi zaune sai da aka tallafe ta, ya sami Auta a kicin tana wanke kwanuka.

"Turo mini hoton uwarki. Na da."

Auta ta juyo, hannunta da kumfa. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa, ta gane. Ta ajiye kwanon.

"Baba, ni ce na..."

"Ba ke ba ce. Turo kawai."

Ta zaɓo wanda uwar ta fi kyau a ciki. Bai kai wa mai injinsu ba. Ya hau mota har wani gefen gari, inda ba a san shi ba, ya tsaya yana kallon inji na fito da inuwar matarsa a hankali. Ya kulle kansa a shago ya bi ta da fenti. A gaskiya bai taɓa haɗa launi mai kyan wannan ba. Fatar kamar ka taɓa ka ji ɗumi. Da ya bushe, ya naɗe shi a zani ya kai gida da rana tsaka.

Auta ta sa wa uwar matashi a baya, ta fice. Ya buɗe zanen, ya riƙe shi a inda hasken taga ke faɗa masa. Matar ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce.

Ya ji numfashinsa ya dawo.

"Na san hoton nan. Ranar da Auta ta gama makaranta ne. Takalmin aro ne a ƙafata, yana ta cizona, rana kuma ta dake mu. Mai hoto ya ce in yi murmushi, na yi masa don ya sallame mu." Ta huta kaɗan. "Wannan murmushin ba naka ba ne, Malam. Na mai hoto ne."

Babu faɗa a muryarta, babu gori. Da ma ta yi faɗan, da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga ba bayanin da ba ta riga ta sani ba. Shekara da shekaru tana wanke masa riguna, ta san lokacin da baƙin fensir ya daina fitowa a hannun riga.

"Jingine shi can," ta ce. "Zo ka zauna. In zanen ya gagara, ka dai kalle ni."

Ya jingine shi a bango, ya zauna a bakin gadon, ya kalle ta. Ta ɗaga girar hagu, kumatun da suka rage suka ɗan lotsa. Ya gani da idonsa, ga shi nan kusa da shi, hannunsa na kan gwiwa bai motsa ba. Hawaye ya zubo masa, bai share ba, don kada ya rasa ko ƙiftawa ɗaya.

Ba ta ga ƙarshen watan ba. Masu zuwa gaisuwa suka ga zanen a jingine, suka yi ta yabo, wai kamar ta yi magana, wai Allah Ya yi wa hannun nan albarka. Wata ƙanwarta ta sa aka buga ƙusa aka rataye shi a falo. Auta ba ta ɗora shi a intanet ba, ba ta kuma taɓa tsayawa a gabansa ba.

Da kwanakin zaman makoki suka wuce, Mai Zane ya koma shago, ya tarar da ƙyallaye a jere, kowanne da inuwarsa, suna jiran fenti. Ya ɗauki buroshi ya ci gaba, don akwai masu jira. Kasuwa na tafiya, baya ba ya ciwo, yana tashi da wuri kamar yadda aka tsara masa. Ya dawo gida ya zauna a falo shi kaɗai, matarsa na bango tana yi wa wani baƙo murmushi.